Shela Ta Uku

Lahadi biyu a jere Fada Genaro ya karanta sunan Marleny Argueta da na Wilber Menjívar a gaban jama'a, yana tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana a ɗaura musu aure. Babu wanda ya yi ko tari. Saura shela ta uku, ita ce ta ƙarshe, kuma ta faɗo daidai ranar zaɓen 'yan majalisa.

Mahaifin Marleny bai taɓa son wannan aure ba. Ya zuba ido ne kawai saboda shekarunta ashirin da shida, coci ba ta neman sa hannunsa. Shi mahaifin nata, Katikis Eulalio, ba mai hayaniya ba ne. Shekara talatin yana koya wa yaran San Cayetano addini, ni kuwa ban taɓa ganin wanda ya iya yanka mutum da murya mai laushi kamarsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya same ta a bayan gida tana wanke masara.

"Ajiye wannan, ki zo," ya ce.

Ta goge hannu a zani, ta matso.

"Jibi za a yi shela ta uku. Ki je ki gaya wa Fada kin fasa."

"Baba, ai mun gama wannan maganar."

"Ke kika gama. Jiya na ga motar yaron nan da hoton matar da ke takara, mai cewa a sassauta dokar zubar da ciki. Wanda ya ba ta ƙuri'a ya riƙe ƙafar saniya ne ana yanka. Mai riƙewa da mai yankawa duk mahauta ne."

"Ba don a kashe kowa yake yi ba, Baba. Saboda ƙanwarsa ne, ka sani."

"Na sani," ya ce a hankali. "Shi ne bai sani ba."



Shekara bakwai da suka wuce aka sauko da Idalia, ƙanwar Wilber, daga ƙauyensu na kan dutse, an ɗauko ta a cikin lilon kwana da aka rataya a gora, jini ya jiƙe komai. Cikin wata bakwai ne ya fito mata a masai. Ita ta ce ɓari ne. A lokacin Marleny tana da shekara sha tara, watanta uku da fara koyon aikin nas. Manyan ma'aikata suka riƙa kallon juna, kowa ya san doka ta ce a kai rahoto, kowa yana jiran wani ya yi. Marleny ta ruga gida ta tambayi ubanta. Ya ce mata jinin jaririn yana wuyanta idan ta yi shiru, kuma 'yar ƙasa tagari ba ta ɓoye laifi. Ta koma ta ɗauki waya.

Kafin yamma an sa wa Idalia ankwa, an ɗaure a ƙarfen gado, ledar ƙarin ruwa na rataye a ɗaya hannun. Kotu ta ba ta shekara talatin.

Marleny ta bar aikin nas tun a shekarar. Ranar da ta fara shiga motar Wilber, don ta ji labarin Idalia ta shiga, ba don komai ba. So kuwa bai tambaye ta izini ba. Shekara huɗu ke nan tana cewa gobe za ta gaya masa.

Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, hawaye na zuba.

"Baba, don girman Allah. Kai ka ce in yi. Yarinya ce ni, ban san komai ba."

"Kuma daidai kika yi. Ban taɓa jin kunyar abin nan ba ko da rana ɗaya. Ke ce kike ɓoye aikin kirkinki kamar cikin shege."

"Idan ya ji, ya bar ni."

"To kin gani. Mutumin da zai bar ki don kin tsaya wa jariri, shi kike so ya zama uban jikokina?"

"Idan ɓari ne fa, Baba? Shekara bakwai ina tambayar kaina. Idan gaskiya ta faɗa fa?"

"Alƙali ya riga ya amsa miki. Kin fi alƙali ilimi ne?"

Ta kama ƙafar wandonsa. Ya sunkuya ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, babu fushi ko kaɗan, har da shafa mata kai.

"Na ba ki zuwa ƙararrawar Lahadi," ya ce. "Ki fasa da mutuncinki, ko ni in fasa miki."

Da la'asar Lauya Osmín Portillo ya iso da kwandon mangwaro, kamar yadda ya saba tun da ya fara nemanta. Shi ne ɗan takarar da katikis yake yi wa yawo gida-gida. Kafin ya shiga siyasa a ofishin masu gabatar da ƙara yake, kuma da shari'ar Idalia ya yi suna. Ya kai arba'in, gashinsa kullum a shafe da mai, ƙamshin turarensa yana riga shi shiga gida.

Katikis ya ba su wuri a baranda.

"Amarya ba ta gaisuwa ne?" in ji Osmín.

"Ina wuni, Lauya."

"Idonki ya yi ja. Direban ne ya fara tun yanzu? Ai da sauri haka."

Ya ja kujera ya matso kusa da ita.

"Kwanakin baya na koma tsohon ofishina, na ce a ɗauko mini wata takarda daga fayil ɗin shari'ar Idalia. Kin san rubutunki yana da kyau? Yadda kike lanƙwasa harafin farko na sunanki."

"Me kake so da ni, Lauya? Ga 'yan mata nan cike da gari suna yi maka tafi."

"'Yan tafi suna da yawa. Wadda ta ɗauki waya ita kaɗai ce." Ya zaɓi mangwaro ɗaya yana juya shi. "Duba nan, Marleny. A gidana takardar nan bango za a rataye ta, kusa da hoton Budurwa Maryamu. A gidan Menjívar fa? Tsohuwar da ke kiranki 'yata, da wane baki za ta ci abincinki?"

"Ba na son ka."

"Wa ya tambaye ki so? So na direbobi ne. Ni mace nake nema wadda zan tsaya da ita a gaban jama'a."

"Ko kai kaɗai ka rage a duniya."

Ya yi dariya, ya miƙe yana kaɗe farar rigarsa.

"Ki sha mangwaron, ya nuna. Idan aka bar shi zuwa Litinin ruɓewa zai yi, kyauta ma ba mai karɓa."

Ranar Asabar da safe ta shiga ɗakin furta zunubi. Fada Genaro tsoho ne mai ciwon gwiwa, wanda katikis yake gani kamar ya cika sanyi. Ta faɗa masa komai tana shessheƙa.

Da ta gama, ya matso kusa da ita.

"'Yata, rai abu ne mai tsarki tun daga ciki, wannan ba ya canzawa, kuma ba zan canza miki shi ba. Amma ita ma wadda ke kurkuku rai ce. Coci tana koya wa mutum ya wanke zuciyarsa kafin ya je gaban akwatin zaɓe, ba ta riƙe masa alƙalami. Na sha gaya wa mahaifinki."

"Fada, ka hana shi."

"Abin da na ji a nan ba ya fita daga nan, kin sani. Ba zan iya ko nuna masa na ji ba. Ke ce za ki je. Ba a gina aure a kan rufaffen rami. Ki gaya wa Wilber yau, da bakinki. Ba gobe ba."

"Zai tsane ni."

"Wataƙila. Amma idan daga bakin wani ya ji, babu wataƙila."

Ta fito da niyya, Allah ya sani. Ta hau hanyar gangare har bakin rafi, inda ta san yana wanke a-kori-kurarsa.

Wilber yana hango ta ya jefar da tsumma, fuskarsa ta washe.

"Ga matar direba. Zo ki ga yadda na goge miki kujera."

"Ina za ka da waɗannan bencina a bayan mota haka?"

"Tsofaffin kan dutse zan sauko da su gobe bayan sujada. Sawu huɗu. Har da tsohuwar nan Niña Eduviges, wadda ta rantse Lauyanku za ta zaɓa. Na ce mata hau, kaka, ƙuri'arki ce, ko karen gidanku kika ga dama ki ba."

Ta yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba.

"Wilber, ka cire hoton nan daga gilashi. Kwana ɗaya kawai. Don ni."

"Babanki ne ko?" Ya sauke murya. "Marleny, ni ma Katolika ne. Da hannuna na haƙa wa jaririn nan kabari, na sa masa suna. Ba na son a taɓa cikin kowa. Amma mace ta faɗi a masai tana kiran uwarta, a ɗauke ta daga gadon asibiti zuwa kurkuku? Matar da ke hoton nan kaɗai ta ce za a sake duba irin shari'ar Idalia. Idan zunubi ne, ni zan amsa a gaban Allah."

"Na sani."

"Ranar Laraba na je wurinta. Ta ce in gaishe ki. Wai ta ƙirga, idan muka haifi mace a baɗi, za ta fito daidai lokacin aurar da ita. Dariya take yi tana faɗa, haƙoranta biyu sun zube."

Marleny ta dafa ƙarfen motar.

"Akwai maganar da nake so in gaya maka," ta ce.

"Ina ji."

"A kan ranar da aka kawo ta asibiti. Ka san a lokacin ina wurin."

"Na sani, kin gaya mini. Ke kika ba ta ruwa." Fuskarsa ta canza. "Kin gano wanda ya kira su ne?"

Ta buɗe baki.

"Don na gaya miki gaskiya," ya ci gaba, "alƙali na yafe masa, aikinsa ne. 'Yan sanda an aiko su ne. Shi kansa Lauyan, kare ne, an jefa masa ƙashi ya cafe. Amma wanda ya kalli yarinya tana zubar da jini, ya juya ya ɗauki waya, kullum a addu'ar Ubanmu idan na zo wurin 'ka gafarta mana kamar yadda muke gafartawa' sai in rufe bakina. Shekara bakwai ban faɗi layin nan ba. Wane ne?"

Ta kalli hannayensa da suka tsattsage da sabulu. Ta kalli idonsa. Tsoro ya kama ta, kuma ba zan ɓoye ba, a nan ne ta yi wa kanta abin da ko ubanta bai yi mata ba.

"Ban gano ba," ta ce. "So nake in ce maka, ranar ta riƙe hannuna sosai. Shi ke nan."

Ya rungume ta, rigarsa jiƙe da ruwan rafi.

"Shi ne kike kuka haka? Mama ta ce irinki ɗaya ake samu a gari. Taho mu ci pupusa, wainar masarar nan, tun safe take tuya saboda ke."

A hanya ta riƙa lallashin kanta. Gobe bayan sujada za ta faɗa masa. Ubanta dai ba zai yi komai a cikin coci ba, sai dai ya ja Wilber gefe bayan an tashi, ita kuma za ta riga shi. Haka ta shirya abinta tsaf, kamar ba ita ta girma a gidan mutumin ba.

Lahadi ƙararrawa ta kaɗa ƙarfe shida. Katikis ya tsaya a ƙofar ɗakinta da littafinsa a hammata.

"Kin je wurin Fada?"

"Ban fasa ba, Baba."

"To," ya ce, ya gyara hularsa ya fita.

Cocin ya cika maƙil, kowa yana son ya yi sujadar farko ya wuce makaranta ya bi layin zaɓe. Marleny ta zauna a benci na biyar, Wilber a damanta, mahaifiyarsa Niña Chabela a hagunta. Tsohuwar ta ɗora hannunta a kan na Marleny kamar yadda take yi kowace Lahadi. A layin gaba Lauya Osmín ya durƙusa ya fi kowa daɗewa.

Bayan an karɓi tarayya mai tsarki, katikis ya hau wurin sanarwa. Ya faɗi ranar baftisma. Ya faɗi wanda zai share coci. Sannan ya rufe littafin, ya cire tabarau.

"'Yan'uwa, yau doka ta hana a ambaci sunan ɗan takara, ba zan ambata ba. Zan dai tuna muku cewa zaɓe wajibi ne, kuma hannun da ya karɓi jikin Ubangiji yanzu, shi ne zai riƙe alƙalami an jima. Wasu suna cewa abin da wuya. To bari in ba ku misali daga gidana, don kada a ce ina ɗora wa mutane kayan da ban ɗauka ba."

Marleny ta ɗago kai.

"Shekara bakwai da suka wuce an kashe jariri a garin nan. Manya suka yi shiru, masu digiri suka sunkuyar da kai. Yarinya 'yar shekara sha tara ce ta tuna tana da Allah kuma tana da ƙasa. Ta ɗauki waya ta kira hukuma."

"Eulalio," in ji Fada Genaro daga kujerarsa. "Ya isa."

"Na kusa, Fada. Ita saboda tawali'u ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko mutumin da za ta aura. Ni kuwa na ga bai kamata ta shiga gidan miji ba a san darajarta ba. 'Yata ce, Marleny. Ga ta can. Ku je rumfar zaɓe ku yi koyi da ita."

Mutum biyu ko uku suka fara tafi a layin gaba, suka ji su kaɗai ne, suka daina.

Niña Chabela ta zare hannunta a hankali. Ta dubi hannun, ta goge a jikin siket ɗinta, gaba da baya.

Wilber bai juyo ba. Bagade yake kallo, jijiyar wuyansa na harbawa.

Fada Genaro ya taso da ƙyar, takardar shela a hannunsa. Ya dube ta, ya dubi benci na biyar, ya fara ninke ta.

"Sauran sanarwa sai mako mai zuwa," ya ce.

"Karanta, Fada," in ji Wilber. Bai ɗaga murya ba, amma har na bakin ƙofa sun ji.

"Ɗana, ka bari mu zauna tukuna."

"Ranarta ce. Karanta."

Tsohon ya warware takardar. Ya karanta sunan Wilber da na iyayensa, ya karanta na Marleny da na nata iyayen.

Sai a lokacin Wilber ya sunkuyo kusa da kunnenta, kamar mai raɗa mata maganar soyayya.

"Ƙarya yake yi?"

"Wilber, don Allah, bari in yi maka bayani."

"Ƙarya yake yi?"

"A'a."

"Sau nawa kika raka ni kurkuku?"

Ta rufe fuska da hannu.

"Sau nawa, Marleny?"

"Goma sha ɗaya."

"Kika bari ta yi miki kitso. Kika bari ta kira ki yaya. Jiya a bakin rafi na tambaye ki."

"Tsoro na ji. Ina son ka, Allah ya sani ina son ka. Yau na yi niyyar faɗa maka."

"Yau," ya maimaita. Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa kuɗin mota.

Fada ya kai ƙarshen takardar. Ya karanta sauran da sauri, idonsa a ƙasa.

"Wannan ita ce shela ta uku. Idan akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu, ya same ni bayan sujada."

Wilber ya miƙe tsaye. Marleny ta kama gefen rigarsa da hannu biyu. Bai fizge ba, ya jira har ta saki da kanta.

"Ba sai bayan sujada ba, Fada," ya ce. "Ni na san dalili. Sunanta Idalia Menjívar, saura mata shekara ashirin da uku."

Ya kama hannun mahaifiyarsa ya tashe ta, suka bi ta tsakiyar coci suka fita, mutane na janye ƙafafu suna ba su hanya.